Faya-fayen Baban Jos

Muna cikin shekararmu ta shida a Doha cutar korona ta shigo. A Al Muntazah muke zaune, hawa na biyu na wani tsohon bene mai kallon shagon wanki da guga. Maigidana likitan ƙirji ne, ni kuma ina koyar da lissafi a wata makarantar 'yan mata. Yaranmu biyu suna jami'a a Zariya, wajen mahaifiyata suke, saboda haka gidan daga ni sai shi.

Da aka rufe makarantu sai na koma koyarwa ta kwamfuta a kan teburin cin abinci. Shi kuwa aka mayar da shi sashen masu cutar. Tun makon farko ya kwashe kayansa ya koma ƙaramin ɗakin baƙi, ya ce ba zai ɗauko mini abin da ya fi ƙarfina ba. In ya dawo, a bakin ƙofa yake cire takalmi, ya zuba tufafinsa a leda, ya wuce banɗaki. Ni kuma in ajiye masa tire a ƙofar ɗaki in ƙwanƙwasa in ja baya. Dama can shi ba mai yawan magana ba ne. Shekara ashirin da uku da aurenmu, ban taɓa jin ya haɗa jimla biyar a jere a kan abin da ke ransa ba. Da ƙofa ta shiga tsakaninmu sai hirar ta koma "Ya aiki?" da "Alhamdulillahi."

A cikin wannan shirun na fara lura da kiɗan da ke saukowa daga hawa na uku. Kullum bayan la'asar yake farawa. Wani kiɗa ne a hankali, fiyano na tafiya kamar mai jin tsoron tayar da wani daga barci, sai wata busa mai kauri ta shigo tana jan numfashi, wani lokaci kuma mace ta yi waƙa da Turanci cikin dasasshiyar murya. Ban so shi ba. Na tashi ne da kalangu da kukuma, kiɗan da kake jin inda ya dosa. Wannan kuwa ban san kansa ba, ban san gindinsa ba. Abu ɗaya dai ya burge ni: da ladan ya ɗaga murya da magariba, kafin ya ƙarasa kabbarar farko an kashe kiɗan.

Mai gidan na sama na san shi sama-sama. Dattijo ne dogo mai furfura, Kirista, mutumin Jos, yana gyaran injinan asibiti. A matakala muke haɗuwa, ya gaishe ni da Hausarsu ta Filato, in amsa in wuce. Shi kaɗai yake zaune. Da azumi ya kama, masallatai a rufe, ba mai zuwa gidan wani, sai na ga kunun gyaɗa da ƙosan da nake yi sun yi mana yawa. Na zuba a kwano na ajiye masa a ƙofa. Washegari kwanon ya dawo a wanke, da dabino a ciki da 'yar takarda mai lambar waya. A ƙasa ya rubuta: "In kiɗana yana damunku, a faɗa mini."

Na kira shi don in yi godiyar dabino.

"Baba, ba ya damunmu," na ce. "Amma gaskiya ban gane masa ba. Kamar makaɗan ba su yi shawara da juna ba kafin su fara."

Ya yi dariya har da tari. "Malama, kin faɗi gaskiya, rabinsa ba su yi shawara ba. Jaz ke nan. Kuskurenki, kina son ki ji kowa lokaci ɗaya. Gobe ki buɗe taga, ki zaɓi mutum ɗaya ki bi shi."

Haka muka fara. Yana tashi daga aiki ƙarfe uku, in ya yi wanka ya huta sai ya buɗe tagarsa, ni ma in buɗe tawa duk da zafin da ya fara shigowa. Ya kira ni a waya ya ce yau mai ƙaton gogen nan da ake tsayarwa a ƙasa za ki bi, wanda ake kaɗawa da yatsa. Gobe ya ce mai ganga, ki ji ba dukanta yake ba, shafa ta yake da burushi kamar mai share tsakar gida. Busar nan mai kauri ya ce sunanta saksofon. Ya nuna mini cewa waƙoƙin tsofaffi ne, na soyayya, kowane makaɗi ya san su, amma kowa da yadda yake bi da su. Sai ya sa mini waƙa ɗaya daga faifai uku daban-daban. A na farko kamar mai roƙo, a na biyu kamar mai tuna abin da ya wuce, a na uku kuwa kamar wanda ya haƙura. Ranar na zauna a kan kujera da jan biro a hannu, ban duba aikin ɗaliba ko ɗaya ba.

Ya ba ni labarin faya-fayen. Mahaifinsa kuku ne a gidan wani Bature a wajen haƙar kuza. Da Baturen zai koma ƙasarsu ya bar masa garmaho da akwatin faya-fayai. A kansu Baba ya girma, daga baya ya riƙa ƙarawa da nasa duk inda ya samu. Ya ce da su ya yi zawarcin matarsa. Ita tana Jos, aikinsa bai ba shi damar kawo iyali ba, shi yake zuwa gida sau ɗaya a shekara. An gama shirin ta kawo masa ziyara ta farko ke nan aka rufe filayen jirgi.

Bayan ƙaramar salla da 'yan makonni maigidana ya kamu. Da safe ya kira ni daga cikin ɗakinsa, a waya, alhali taku goma ne tsakaninmu. Ya ce jikinsa ya yi zafi, kada in buɗe ƙofa. Kafin azahar motar asibiti ta zo. Na tsaya a ƙarshen falo da takunkumi a fuska, ya fito da 'yar jakarsa, ya ɗaga mini hannu kamar mai tafiya kasuwa. Ni ma aka ce in killace kaina a gida.

A kwana na huɗu aka sa masa iskar numfashi. In na kira shi, kalma biyu uku yake iya yi sai ya tsaya ya huta. Nakan karanta masa addu'o'in da na sani, in ba shi labarin yara, daga nan sai magana ta ƙare mini, in riƙe waya ina jin hucin injin. Wata rana da yamma muna cikin wannan shirun sai ya ce wani abu ban ji ba.

"Me ka ce, Dakta?"

"Ki matsa kusa da taga."

Ban gane ba sai da na juya. Baba ya sa faifansa a sama, na matar nan mai dasasshiyar murya. Ashe duk makonnin nan da nake zaton yana kwance yana barci a ɗakin baƙi, shi ma tagarsa a buɗe take. Na je na jingina da bango, na miƙa wayar waje. Muka ji waƙar har ƙarshe. Ya ce, "Wannan ta fi." Sai na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka ɗauke shi.

Na gaya wa Baba. Tun daga ranar ƙarfe biyar daidai faifan nan yake fara sawa. Kuma tunda asibiti ɗaya suke, da aka nemi wanda zai duba injinan sashen sai ya ce shi zai je. Yakan shiga cikin rigar ledar nan mai rufe mutum gaba ɗaya, ya gama aikinsa, ya leƙa gadon maigidana. Da yamma ya kira ni. "Na gan shi, Malama. Ya ci rabin abincinsa. Ya ce injin yana ƙara, na ce masa injin lafiyarsa ƙalau, shi ne ke ƙara." Likitoci suna kirana da bayanai masu lambobi, amma na Baba nake jira.

Sai da ya yi kusan mako uku aka sallamo shi. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, hawa biyu na bene sai da ya huta sau biyu. A karon farko cikin watanni ya zauna a falo kusa da ni. Da biyar ta yi kiɗan ya sauko. Ya kama hannuna ya riƙe, idonsa a kan labule. Can tsakiyar waƙar ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Abin da matar nan take faɗa, ni ma haka ne."

Na ce, "Shekara ashirin da uku, sai da ka ari bakin wata?"

Ya yi murmushi, bai saki hannun ba.

Shekara biyu suka wuce. Aka buɗe masallatai, aka koma makaranta, aka ajiye takunkumi. Gari ya cika da shirin gasar cin kofin duniya, tutoci ko'ina, ana ta fenti da dashen furanni. Baba ya gaya mana ƙarshen shekarar zai ajiye aiki ya koma gida, khalas in ji Larabawa, wato shi ke nan, gwiwoyinsa sun gaji. Amma ya rantse sai matarsa ta ga inda ya yi shekara goma sha ɗaya. A lokacin duk mai tikitin kallon wasa yana iya shigowa ƙasar, sai ya saya mata.

Ni na ɗauka zan ga wata dattijuwa mai sanyin murya wadda ta dace da faya-fayen. Da ta iso, ashe Mama gajera ce, tsohuwar hedimasta, tun daga ƙasan bene ake jin maganarta. Kuma ƙwallo take so kamar me. Nijeriya ba ta samu zuwa ba, amma ta ce duk ƙungiyar da ta fito daga Afirka tata ce. Muka raka ta filin wasa na Al Rayyan a jirgin ƙasa, ta ɗaura kallabi, tana faɗa da alƙalin wasa da Hausa, Larabawan da ke kusa da mu suna taya ta da yalla, yalla, wato a je, a je. Baba kuwa hannunsa a kunne.

Wata Juma'a suka gayyace mu cin abinci. Ranar na fara shiga gidan Baba. Mama ta yi gwate, faten mutanen Filato, da tuwon acca da ta ɗauko garinsa tun daga Jos. Na ga garmahon a kan tebur an rufe shi da tawul, faya-fayen a jere cikin akwatin katako, bangonsu duk ya tsufa, wasu an liƙe da salatif. Muna kicin ni da ita na ce, "Mama, Baba ya ce da waɗannan ya shawo kanki."

Ta ajiye ludayi. "Haka ya gaya miki? 'Yata, ni ban taɓa son kukan ƙahon nan ba. Shekara talatin da bakwai ina jin sa kamar akuya ta maƙale a shinge. Mutumin nake so. In ya sa faifai yakan rufe ido, ni kuma sai in samu damar kallonsa son raina."

Bayan mun ci, Baba ya zaro faifai ya goge shi da gefen rigarsa, ya ɗora allura. Ya miƙa mata hannu. Ta ce, "Kai dai ba ka jin kunya, gaban yara?" Amma ta miƙe. Kanta bai wuce ƙirjinsa ba. Suka riƙa juyawa a hankali a tsakanin kujera da tebur, silifas ɗinta yana jan ƙasa, daga titi ana jin hon ɗin magoya bayan Maroko. Ta kwantar da kanta a jikinsa. Ni da maigidana muka sunkuyar da kai muna kallon kofunan shayi.

Da tafiya ta matso sai rigimar kaya ta tashi. Faya-fayen suna da nauyi, ita kuma ta sayi manyan tukwane uku a kasuwa waɗanda ta ce irinsu take nema tun aurar da 'yarta ta fari. An auna jakunkuna, abin ya ƙi. Baba ya sauko ya ce zai bar mana rabin faya-fayen. Yana faɗa yana murmushi, amma muryarsa ba ta yi daidai ba. Bai daɗe da fita sallama da abokan aiki ba sai ga Mama a ƙofata, rungume da tukwanen.

"Ki ajiye mini. Na mayar da tarkacensa cikin jaka, duka. Kada ki gaya masa sai mun sauka, in ba haka ba zai tsaya yi mini gardama."

Da hutun bazara ya zo muka je gida. Bayan mun kwana biyu a Zariya muka ɗauki hanyar Jos, tukwanen uku a bayan mota suna ƙara duk ramin da muka faɗa. Ana yayyafi muka isa. Mama ta fito da gudu ba ko mayafi, ta wuce mu ta buɗe but, ta ɗaga murfin kowace ta duba ciki. Sai da ta tabbatar babu wadda ta lotse, sannan ta juyo ta rungume ni ta ce mu shigo, ruwa zai jiƙa mu.