Tafiyar da Ba Dole Ba

Wiebe Hoekstra maƙwabcina ne a garin Delft, bango ɗaya ya raba mu har ya rasu bara. Dogo ne siriri, bai taɓa aure ba, in ka ce masa ina kwana sai ya yi nazari kafin ya amsa. Aikinsa a wani ofishin gwamnati shi ne kintatar yawan man fetur da ƙasa za ta sha a shekara: nawa masana'antu, nawa manyan motocin kaya, nawa ƙananan motoci. Ni ungozoma ce, nawa lissafin na wata tara ne, shi ma ba kullum yake fita daidai ba.

Abu ɗaya ke fitar da shi daga gari. Duk Lahadi yakan tuƙa motarsa zuwa ƙauyensu can nesa a lardin Friesland, inda mahaifiyarsa Sjoukje ke zaune ita kaɗai. Kunnenta ya yi nauyi, ba ta jin waya, hankalinta kuma ya fara yawo. Ranakun mako sun cakuɗe mata, amma Lahadi ba ta ɓace mata, don ranar ce ɗanta ke zuwa shan kofi.

A ƙarshen 1973 ƙasashen Larabawa suka hana mu mai. Aka ce su Wiebe su nemo inda za a rage. Ya zauna ya raba tafiye-tafiyen mutane kashi biyu, na dole da wanda ba dole ba. Ziyarar dangi ranar Lahadi, da hannunsa ya sa ta a kashi na biyu. Mutane da yawa ne suka tuƙa wannan tuwo, amma da gwamnati ta hana fita da mota ranar Lahadi, shi ya ɗauka dokarsa ce.

Ba na manta shirun ranakun nan. Babbar hanya wayam, sai yara a kan keke, ka rantse kowa ya mutu ya bar su. Wiebe kuwa har Asabar yana ofis, bas kuma ba ta shiga ƙauyensu ranar Lahadi. Ni ina da izinin tuƙi saboda masu naƙuda, don haka na buga masa ƙofa.

"Maƙwabci, shigo mota in kai ka. Wa zai tare ungozoma?"

"Haihuwa za ki karɓa a can?" in ji shi.

"Kai zan sake haifa, in ta kama! Tsohuwar nan fa tana tsaye bakin taga."

"Maaike, in ni na karya dokar, da wane baki zan ce wani ya bi?"

"To sannu, waliyyi," na ce, na yi gaba ina huci.

Sai ranar Kirsimeti, da ta faɗo cikin mako, ya samu tafiya. Wata maƙwabciyar tsohuwar ta bugo masa waya cewa ruɗewar tata ta ƙaru, shi ya sa ya roƙe ni in raka shi in duba ta. Mun tarar da ita tsaf cikin rigar coci, ta jera kofuna biyu. Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta yi masa irin murmushin da ake yi wa mai kawo wasiƙa.

"Mama, ni ne," ya ce.

"Sannu da zuwa, bawan Allah. Kar ka zauna nan, kujerar ɗana ce."

Ko jijiya ce ta toshe mata a kai, ko jiran ne ya cinye ta, ban sani ba, likita ma bai sani ba. Na dai ji tsoro ya kama ni. Ta zuba masa kofi a wani kofin daban, ya karɓa yana tsaye.

"Me ya hana ɗan naki zuwa?" ya tambaye ta a hankali.

"An hana su ne," ta ce, har da alfahari. "Shi kuma ɗana ba ya karya doka."

Daga baya aka yi ta cewa man bai ma yi ƙarancin da aka ji tsoro ba. Wiebe dai ya ci gaba da aikinsa har ya yi ritaya. Tsohuwar ta ƙara 'yan shekaru a duniya. Tun da aka ɗage dokar, duk Lahadi yakan tuƙa zuwa ƙauyen, ya ja wata kujera kusa da taga, ya taya ta jiran ɗanta.