Makarantar da Muka Yi a Saman Gidan Goggo

Sanyin Jidda ba ya daɗewa, kuma wanda ya taso a Zariya ba zai ma kira shi sanyi ba. Rana ce kawai take sassautawa, har mutum ya iya zama a waje da la'asar ba tare da gumi ya jiƙa masa riga ba. A lokacin ne makarantu suke ba da hutun tsakiyar shekara.

A gida ni malamar firamare ce. Da maigidana ya samu aiki a wani asibiti, muka tare a unguwar Safa da yaranmu biyu. Iƙamata, wato takardar zamana a ƙasar, ta zaman aure ce, ba ta ba ni damar aiki ba. Yara su tafi makaranta, shi ya tafi asibiti, ni kuwa in yini ina jin ƙugin na'urar sanyaya ɗaki.

Ina da goggo a unguwar Ammariyya, ƙanwar mahaifina. Ta zo umara tun ina goye a bayan uwata, ba ta koma ba. Kuka da daddawa da yaji take sayarwa a ƙofar gida, kuma Uwata take kirana saboda sunan mahaifiyarta aka sa mini. Jikarta ce kaɗai take tare da ita, yarinya doguwa, siririya, da ta fara zama budurwa. Uwar ta rasu wajen haihuwarta, uban kuma an mayar da shi Kano tun tana rarrafe. A Jidda aka haife ta, amma ba ta da takardar ko'ina. Tana jin Hausa sarai, sai dai in ka yi mata magana, da Larabci za ta amsa.

A wannan hutun yarana sun dame ni da ƙorafin zaman gida, sai na kwashe su muka tafi wurin Goggo. Muka same ta a saman gida, tsakanin tankunan ruwa da igiyoyin shanya, tare da matan gidan. Akwai wata 'yar Burma mai ɗinki, da wata 'yar Yaman mai yawan dariya, da mata biyu 'yan Habasha, da wata 'yar Chadi. Yaransu na ta guje-guje. Ɗana ya tambayi wani yaro ajinsu nawa, yaron ya tsaya yana kallonsa bai gane tambayar ba.

Goggo ta ce, "Uwata, waɗannan kullum hutu suke yi. Ke da kike malama, kina zaune a ɗaki kamar sabuwar amarya. Ki zo ki koya musu ko sunansu ne su rubuta."

Na ce, "Goggo, Larabcina bai wuce na cefane ba."

Ta nuna jikarta da haɓa. "Ga bakinki nan."

Haka muka fara. Allo bai samu ba, sai 'yar Yaman ta sa aka hau da ƙofar wani mataccen firij aka jingine ta da tanki. A kanta nake rubutu da alƙalamin da ake gogewa. In yi bayani da Hausa, jikar Goggo ta juya da Larabcin titi, wanda shi ne kowa yake ji a saman nan. Yaran suka sa mini Abla, yadda ake kiran malamai mata a nan. Ban san yadda na yi kewar a kira ni da sunan aikina ba sai ranar.

Ba ni kaɗai nake koyarwa ba. In na gama lissafi da baƙaƙe, 'yar Burma ta fito da tsummoki ta koya wa manya da yara yadda ake kafa maɓalli da ɗinke bakin zane. 'Yar Yaman ta nuna mana gashin gurasarsu, Goggo ta rama da dambun shinkafa, aka yi ta gardamar wanda ya fi daɗi. Wata rana 'yan Habasha suka soya gahawa a gabanmu, ƙanshi ya cika saman gidan, har ɗaya daga cikinsu ta zauna a bayan yara ta ce ita ma a koya mata rubuta sunan ɗanta da ta baro a ƙasarsu. Yarana, da suke tafiya makaranta a mota mai sanyi, kullum da asuba suke tambaya ko yau za mu je.

Jikar Goggo kuwa ban taɓa koyar da mai saurin ɗauka kamarta ba. Dama ta iya karatun Alƙur'ani wurin wata tsohuwa. Kafin hutu ya yi nisa ta fara haɗa baƙaƙen boko, tana karanta jikin kwalin madara da na omo. Wata rana tana goge ƙofar firij ta ce mini, da Hausarta mai karyewa, "Abla, ni ina so aiki a kantin magani. Farin riga." Na ce Allah ya nufa. Ta ce amin da ƙarfi.

Ana gab da ƙare hutu muka shirya zuwa bakin teku. Mijin 'yar Yaman yana tuƙa wata tsohuwar motar kaya, ya yarda ya kai mu ranar Juma'a. A wurin shirin ne na gane cewa yawancin yaran nan, haifaffun Jidda, ba su taɓa taka bakin ruwan ba. Iyayensu ba sa yin nisa da lungu don tsoron a tare su a tambayi takarda. Goggo ta ce ita ƙafarta ƙafar gida, amma ta yarda jikarta ta bi mu.

Muka shimfiɗa tabarmi a kan ciyawa, iska tana kaɗawa. Yara suka ruga suka kama ƙarfen da ya raba mu da ruwa suna ihu. Jikar Goggo ta tsaya ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni ta wane ɓangare Kano take. Na nuna mata ƙetaren ruwan. Muna cikin zuba abinci sai motar 'yan sanda ta zo wucewa a hankali. Ba su ko kalle mu ba, sintirinsu kawai suke yi. Amma matan nan duk suka daskare. 'Yar Burma ta ja mayafi ta rufe fuska. Motar na yin gaba 'yar Yaman ta ce, "Halas, yalla," wato shi ke nan, mu tafi. Aka naɗe tabarmi da abincin a ciki. Yaran ba wanda ya yi kuka ko ya roƙi a ƙara minti ɗaya, kuma wannan ne ya fi damuna. Sun riga sun san yadda ake tashi.

Da hutu ya ƙare yarana suka sa rigar makaranta. Ranar sallama jikar Goggo ta rako ni har bakin titi.

"Abla, su sun koma. Ni kuma fa?"

Na ce zan bincika. Na kuwa bincika. Na shiga makarantu, na tambayi matan abokan aikin maigidana, na tambayi wata Bahaushiya da aka ce ta san hanya. Ko'ina tambaya ɗaya ce, ina iƙamarta. Maigidana ya zaunar da ni ya ce, cikin lallashi, zuwa gaida Goggo ba laifi, amma in aka ce ina buɗe makaranta ba izini, maganar za ta kai ga kafilinsa, wato asibitin da ya ɗauki nauyin zamanmu, mu ma mu rasa wurin zama. Gaskiya ya faɗa. Sai na koma zuwa jefi-jefi, in kai mata littattafan da yarana suka gama da su. Zafi ma ya dawo, saman gida ba ya zaunuwa.

Da sanyi ya zagayo na koma da niyyar mu ci gaba. Tun daga bakin lungu na ga jan fenti a bangon gidaje, har da na su Goggo. An ce kowa ya tashi, za a rushe. Duk da haka muka hau sama. Muna karatu muna jin ƙarar motocin rusau daga can bayan masallaci, ƙura tana sauka a kan ƙofar firij, in na rubuta abu sai na sake gogewa. Kullum yara raguwa suke yi. 'Yan Habasha suka tafi wurin wasu 'yan'uwansu a unguwar Sharafiyya. 'Yar Burma ba wanda ya ga fitarta, sai ɗakinta muka gani a buɗe. 'Yar Yaman ta rungume ni a kan matattakala, wannan karon ba dariya, ta ce in yafe mata.

Goggo ta yi yawon neman ɗaki har ƙafarta ta kumbura. Duk inda ta je sai an ce ta kawo takarda. Ranar da na same ta zaune a kan ƙullin kayanta ta ce, "Uwata, na gaji. Zan je in miƙa kaina a mayar da mu gida."

Na ce, "Goggo, gidan da kika bari ai ba shi za ki tarar ba."

"Na sani. Amma can in na mutu ba za a rasa mai wanke ni ba."

Jikarta na tsaye a bakin ƙofa. Ta zo ta durƙusa ta riƙe gefen abayata, ta yi doguwar magana da Hausa tun daga farko har ƙarshe, abin da ban taɓa jin ta yi ba. Ta ce za ta yi mini wanke-wanke, za ta kwana a kicin, ba ta cin abinci da yawa. Na ɗago ta na ce mata ba maganar abinci ba ce. Gidanmu na haya ne da sunan asibiti, mai gadi ya san kowa, ba a yi kwana nawa ba za a gane. Ta saurare ni har na gama, ta gyaɗa kai, ta ce, "Tayyib, Abla," wato to, shi ke nan. Ta koma ta ci gaba da ɗaure kaya.

Sun yi makonni a wurin da ake tsare masu jiran tafiya, sannan aka saka su a jirgi. Goggo ba ta cika shekara a Kano ba ta rasu. Yarinyar tana gidan ubanta, mutumin kirki ne, yana tuƙa adaidaita, amma baƙi suke ga juna.

Bara da sanyi na kira wayarsa ya miƙa mata. Na tambaye ta makaranta. Ta ce an kai ta, an sa ta ajin ƙananan yara saboda ba ta da shaidar ta taɓa yin wani aji. Bencin ya yi mata kaɗan, in ta buɗe baki yara su kwashe da dariya suna kwaikwayon Hausarta. Ta daure zango ɗaya ta daina. Yanzu tana taya wata maƙwabciya suyar awara a bakin titi.

Na ce akwai makarantun manya, zan yi wa babanta magana, kada ta yar da karatun. Sai ta tambaye ni da Larabci ko na san inda 'yar Yaman ta koma. Na ce ban sani ba. Ta tambayi labarin 'yar Burma, na ce ita ma ban sani ba. Ta ce to, mai ya yi zafi a kasko, za ta je. Ta miƙa wa babanta wayar.