Ranar da Motata Ta Ƙi Tashi a Bakin Tafki

Ni dai Allah bai yi ni da haƙurin jira ba, kowa a gidanmu ya sani. Shi ya sa safiyar da zan kai Baba asibiti Sakkwato, tun rana ba ta ɗaga ba na gama loda kaya a but ɗin mota: tabarma, bokiti, filas, da bandar kifin da Yaya ta ce lalle sai na kai wa masu masaukinmu. Fitsari ne ya ɗaure wa Baba. An sa masa robar fitsari a Yelwa, likita ya ce sai an yi aiki, aka ba mu rana a Sakkwato, washegarin wannan tafiya da safe. In muka kuskure sai mu koma ƙarshen layi, jikin kuwa ba zai jira ba. Daga ƙauyenmu na ƙasar Ngaski zuwa can kusan yini ne, shi ma in hanya ta yi kirki.

Baba yana zaune kan wani kifaffen kwalekwale a gindin mangwaro, sanye da rigarsa ta Juma'a, ya fuskanci tafki. Masunci ne tun tasowarsa, daga baya ya koma jigilar mutane da buhunan shinkafa a jirgin inji, har ƙarfi ya ƙare. Tunda na iso bai ce zai je ba, bai kuma ce ba zai je ba.

Na shiga mota na murɗa makulli. Fitilun gaban direba duk suka kawo, amma injin ko tari bai yi ba. Na sake murɗawa, na sake, kamar yawan murɗawar ne zai shawo kanta. Motar da na zo da ita jiya da la'asar lafiya lau! Yaya ta ce a tara maza a tura mana. Na daka mata tsawa na ce atomatik ce, ba a tura ta, ko duk garin za su taru. Ta dube ni ta ce to ai ba ita ta ƙera ta ba.

A ƙauyenmu waya ba ta shiga sai ka hau tudun da ke bayan rumbuna. Can na haye ina haki na kira bakanikena na Yelwa. Ya ce in danna hon, in kunna manyan fitilu, wani ya tsaya a gaba ya duba ko suna dushewa in an murɗa makulli. Na gangaro da gudu. Hon ya yi ƙarar da ta watsa kajin unguwa. Yaya ta tsaya a gaba ta ce fitilu ko gezau. Na koma tudu, ya ce to ba batir ba ne. Kafin in sauko, maƙwabcinmu mai injin casar shinkafa ya riga ya ɗauko nasa batirin a bayan babur, ya rantse batir ne, shi ya san wannan ciwon. Don kada in watsa masa ƙasa a ido na bari muka kwance nawa, muka wanke kawunan da ruwan zafi, muka ɗaura nasa. Shiru kake ji. Ya sosa ƙeya ya ce to wannan sai addu'a, muka mayar da nawa.

Haka na yi ta safa da marwa tsakanin tudu da mota. A mayar da giya firi a taka birki a gwada, na gwada. A zazzare fiyus a duba. Na zare su ɗaya bayan ɗaya ina ɗaga su ga rana, babu wanda ya ƙone. A ƙwanƙwasa kik, na'urar da ke tada injin, da sifana wani na murɗa makulli, wai wani lokaci maƙalewa yake yi. Yaya da ba ta taɓa riƙe makullin mota ba ta zauna a kujerar direba tana bisimilla, ni kuma ina dukan ƙarfe kamar mai jin haushinsa, kuma da ma haushin nake ji. Inuwar mangwaro sai tsukewa take. Jiragen da suka fita da asuba sun fara dawowa, motocin hayar da ke zuwa Wara duk sun tashi. Tsoro ya kama ni sosai, don na fara ganin ranar za ta kuɓuce mana.

Bakanike ya ce ba zai iya isowa ba sai bayan la'asar. Na ce la'asar ɗin me, mutum na fama da ransa? Ya ce in kwantar da hankali, tunda ko ƙas ba ta yi, kik ɗin ne ba ya samun wuta daga makulli. Ban da ƙatuwar wayar da ta taho daga batir, akwai wata siririya da ake cusawa a jikinsa, in laluba in ji ko tana nan.

Na kwanta bisa injin na zura hannu har kafaɗa. Gurbin wayar wayam. Na ce to gargadar hanya ce ta zare ta, na shiga lalube a ƙasa inda ya kamata ta yi reto. Ba ta can. A sama na same ta, an lanƙwasa ta a hankali, an ɗaure ta jikin wani tiyo da zaren koma, ragar kamun kifi. Na haska da fitilar waya na ga ƙullin. Irin wanda ake ɗaure dalma da shi ne a bakin taru, ƙullin da duk ɗan gidanmu ya koya da ranƙwashi. Ɓera ba ya ƙulli, gargada ma haka. Masunci ne kawai hannunsa ba ya yarda ya bar bakin igiya a sake, ko da ɓarna ya zo yi.

Raina ya ɓaci har idona ya rufe. Na tafi gindin mangwaro hannuna baƙi ƙirin, na tsaya a kansa na ce, "Baba, mi na yi maka?"

Bai musa ba. Ya ce jiya ne da na tafi gaishe-gaishe, kuma ya ɗaure ta ne don kada ta taɓa ƙarfe mai zafi ta narke ya ja mini asara. Na fara zuba, ina lissafa masa maganar likita da wahalar da muka sha kafin a ba mu rana. Ya bari sai da na gaji.

"Innarku ma haka kuka sa ta mota," ya ce. "Kuka ce aiki za a yi. Kuka dawo mini da zanenta da kwanonta."

Gaskiya ce. A asibitin can Inna ta cika, mutane suka ce ba a wahalar da gawa, aka yi mata sutura a ranar, cikin maƙabartar da ba mu san kowa ba. Baba bai taɓa ganin kabarinta ba. Ban taɓa jin ya ta da maganar ba sai ran nan.

Na durƙusa a gabansa, faɗan duk ya bi iska. Ya ce shi ba wuƙar likita yake tsoro ba, wanda ya kife a tsakiyar tafki da damina ya wuce tsoron wuƙa. Kaburburan iyayensa suna ƙarƙashin ruwan nan tun da aka tashi mutane tafki ya cinye tsohon gari, matarsa tana Sakkwato. Shi dai yana so a san inda yake.

"Baba, wallahi ko a wane hali kake, nan zan maido ka."

Sannan ya ce Yaya ta matso, ya sa na maimaita a gabanta. Na maimaita, tana kuka.

Na koma mota da reza zan yanke zaren, ya ɗaga murya daga inda yake ya ce in kwance shi, zare mai kyau ne. Na kwance, na cusa wayar a gurbinta, na murɗa makulli ta tashi. Da ƙafarsa ya tako, yana riƙe da jakar fitsarin a ƙarƙashin riga, ya ƙi kowa ya kama shi, ya shiga baya ya zauna.

Rana ta take tsaka lokacin da muka hau kwalta. Kafin Yelwa barci ya ɗauke shi, kansa ya langaɓe jikin gilashi. Na karkatar da madubi na daina kallon motocin baya, na saita shi daidai ƙirjinsa.