Ranar da Muka Shanya Mesar Likita

Abubuwa da yawa na zamanin aikina sun ɓace mini, amma ban taɓa mantawa da ranar da Malam Bawa ya sa muka shanya maciji da ransa ba. Tunda kun ce in ba ku labari ɗaya, ku da kuka shigo aikin fata jiya-jiya, wannan zan ba ku.

A Enugu ne, ana gab da samun mulkin kai. Ni ƙaramin malamin fata ne a ofishin dabbobi, kuma ina kan gwaji, wato ba a tabbatar da ni a aiki ba, kalma ɗaya daga sama ta isa a ce in kama hanyar Kano. Aikinmu shi ne mu tsaya a kwata kan mahauta, mu ga sun yi fiɗa ba su huda fata ba, a wanke ta, a ɗaure ta da igiya a jikin katako cikin rumfar shanya, iska ta busar da ita a inuwa. In ta bushe mu duba, mu buga mata lamba ɗaya, ko biyu, ko uku. Abin da aka fara cusa mana a kai tun ranar farko shi ne danshi abokin gabar fata ne. Fatar da ta kwana da laima ta ruɓe, ta tashi daga aiki.

Shugabanmu wani Bature ne likitan dabbobi, muna ce masa Mai Lofe. Ba shi da mata, ba shi da kare, sai wata mesa da yake kiwo cikin akwatin katako mai gilashi a barandar ofis. Tsawonta ya ɗara nawa, kaurinta kamar damtsena. Saboda yadda yake tattalinta muka sa mata suna Madam. A cikin akwatin akwai wani ƙaton daro cike da ruwa da guntun kututture.

Tsakanina da Mai Lofe akwai Malam Bawa, babban malamin fata. Mutum ne mai son a ce masa Oga, mai gajeren wando da doguwar safa, alƙaluma jere a aljihu ko da ba abin da zai rubuta. Kowa ya san Mai Lofe ya kusa komawa ƙasarsu, kuma shi zai faɗi wanda za a ɗaga. Tun daga lokacin Malam Bawa ya zama masoyin Madam. Kullum da safe sai ya gaishe ta, amma daga bakin ƙofa, don tsoronta yake kamar ransa.

A ƙarshen rani Mai Lofe ya tashi rangadi mai tsawo. Yana shiga mota ya ce wa Malam Bawa Madam ta kusa yin saɓa, a kula da ita, kada a taɓa mata daro. Malam Bawa ya ƙame ya ce, “Ranka ya daɗe, kamar ’yata zan riƙe ta.” Motar na fita ya juyo ya ce, “Isyaku, daga yau kai ne mai kula da Madam. Ko ciwon kai ta yi, kai ne.”

Ba a daɗe ba ta daina cin abinci. Launinta ya dushe, idanunta suka yi fari-fari kamar an ɗiga musu madara, ta shige cikin daron nan ta naɗe, kai kaɗai a waje. Na je na faɗa wa Malam Bawa. Ya zo ya leƙa daga nesa, ya dafe ƙirji.

“Fata ce fa take kwance cikin ruwa! Tun yaushe?”

Na ce, “Oga, ai likita ya ce kada a taɓa daron.”

“Don ta sha ya ce, ba don ta jiƙa ba. Kai ka taɓa tsintar saɓar maciji a daji?”

Na ce na sha tsinta.

“A jiƙe ko a bushe?”

“A bushe, Oga, ƙamas.”

“To! Me aka koya maka a makaranta?”

Duk wanda ke ofishin nan ya gyaɗa kai, don maganar ta yi daidai da karatunmu. Aka fitar da daro, aka fitar da kututturen wai zai karce ta ya rage mata lamba, aka barbaɗa toka a ƙasan akwatin don ta tsotse sauran laima. Leburori suka ɗauki akwati suka kai rumfar shanya, inda iska ke shiga ta ko’ina, aka ajiye Madam tsakanin ƙiragan shanu. Malam Bawa ya ce da likita ya dawo zai nuna masa sabuwar dabara.

Dabara kuwa ta yi aiki, don Madam ta bushe. Saɓar ta fara tsagewa a baki, ta tsaya. Ta ɗan ɗago a wuya, ta manne a gadon baya, ta yi tsumma-tsumma kamar tsohuwar riga. Idanun suka rufe ruf. Ta yi ta yawo cikin akwati tana goga hanci a gilashi mai santsi, ba abin da zai kama mata. In na matso sai ta yi huci ta kai sara a iska. Ni kuwa abinci ya daina shiga mini, don ina kallonta ina kallon aikina.

Da Malam Bawa ya ga haka ya aika a kira Sarkin Pawa daga kasuwar Ogbete, wai a yi shawara irin ta masana. Dattijon ya zo da wuƙarsa a kube, ya sunkuya ya duba, ya ce, “Wannan ai ba wuya. A riƙe mini kai da wutsiya, in ɗan tsaga daga maƙogwaro, in zare ta kamar safa.”

Na ce, “Baba, da ranta fa ake so.”

Ya dube ni ya ce, “Au, da ranta? To ni ban taɓa fiɗar abin da zai tashi ya tafi ba.” Ya mai da wuƙarsa. Amma kafin ya fita sai da ya kai hannu, irin na wanda ya saba, ya ja wani ɓallin saɓa da ke reto. Ɓallin ya taho da sabuwar fatar jikin, wurin ya yi jajir, Madam ta daki gilashi da kai. Malam Bawa, wanda ke tsaye can baya, shi ya riga kowa isa tsakar fili.

Da ya dawo hayyacinsa ya kira ni ofis, ya rufe ƙofa, ya yi magana a hankali kamar mai yi mini alheri.

“Isyaku, hayaniyar nan ce ke damunta. Ka kai ta gidanka ta huta.”

Na gane karatun. In ta mutu a rumfar gwamnati, shi za a tambaya. In ta mutu a unguwarmu Asata, a ɗakin hayar wani ɗan gwaji, an san wanda za a kora. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ɗan gwaji ba ya musu da mai alƙaluma.

Akwatin ba zai hau keke ba, don haka na lallaɓa ta cikin buhun algarara, na ɗaure baki, na ɗora a baya. Ina wuce kasuwa hadari ya haɗu, ruwan farko na shekarar ya sauko, irin na Enugu wanda ba ya sallama. Na jiƙe sharkaf, buhu ya jiƙe, ina tuƙi ina cewa a raina shi ke nan, ga fata ga ruwa, na ƙarasa ta da hannuna.

Matata Ladi ta tare ni a ƙofa ta ce, “Malam, me ke motsi a buhun nan?” Da na faɗa mata sai ta ce, “Wallahi ko ni ko ita a ɗakin nan.” Na roƙa, ta ƙi. A ƙarshe na kai ta banɗakin bayan gida, na sa ta cikin wani rabin duro da muke tara itacen girki, na kwance bakin buhun, na rufe da kwano na ɗora dutse. Rufin banɗakin yana yoyo, kwanon ma huje yake, ruwa kuma in ya ɗauke sai ya dawo. Duk lokacin da na leƙa sai in tarar ta ƙara cusa kanta cikin jiƙaƙƙen buhun. Na so in canja mata busasshe, ba ni da shi. Talaucina ne ya cece ta.

Wata safiya Ladi ta je ɗibar itace, ta ɗaga kwanon a ɗarare, sai na ji ihu. “Malam, sun zama biyu!” Na ruga. Ga Madam a naɗe, tana sheƙi kamar an shafe ta da man gyaɗa, idanu baƙi wuluk tana kallona. Ga tsohuwar saɓar kuma ta saƙale a jikin itatuwan, a juye, da laushinta, har da ’yan fayafayan idanu. Ta jiƙa ta yi taushi, ta sami abu mai kaushi ta goga, ta zare kayanta da kanta. Abu biyu take nema, ruwa da kututture, su ne kuwa muka fara ƙwace mata. Na zauna a bakin duron nan na yi ta dariya har hawaye, Ladi tana cewa aiki ya taɓa mini kai.

Labari na isa ofis Malam Bawa ya aiko da motar gwamnati. Aka mai da daro, aka mai da kututture, aka share toka. Ranar da Mai Lofe ya dawo ina tsaye a gefe na ji Malam Bawa yana bayani.

“Ranka ya daɗe, da na lura iskar nan ta yi mata bushewa, sai na ba da umarni a kai ta wuri mai danshi, a sa mata buhu jiƙaƙƙe da itace.”

Mai Lofe ya ga tabon da Sarkin Pawa ya bari, ya tambaya. Malam Bawa ya ce, “Yaron ne, ranka ya daɗe, hannunsa bai faɗa ba tukuna. Amma yana koyo, ina ba da shawara a tabbatar da shi.” Haka aka tabbatar da ni a aiki, da laifin da ban yi ba, bisa alfarmar wanda ya so a kore ni. Na ce na gode, Oga.

Shi kuma ya sami girman da yake nema. Sai dai ranar ban kwana, a gaban ma’aikata duka, Mai Lofe ya ce ba zai iya hawa jirgin ruwa da Madam ba, kuma a duk ƙasar nan mutum ɗaya ne ya fahimci halinta. Aka ɗauko akwati aka ajiye a gaban Malam Bawa, aka yi tafi. Ban taɓa ganin murmushi mai wahala irin nasa na ranar ba.

Bayan ’yan watanni idanun Madam suka sake yin fari. Wata rana da la’asar sai ga Malam Bawa a Asata, babu alƙalami ko ɗaya a aljihu, yana tambaya ko rabin duron nan yana nan. Kafin in buɗe baki Ladi ta amsa daga bayan labule, “Yana nan, Oga. Amma sai an kawo ta a keke, cikin ruwa, yadda kuka tsara tun farko.”

Abin da na koya ke nan, kuma ku riƙe shi. Mu ’yan aikin fata mun san fata ƙwarai, amma bayan mai ita ya mutu muka san ta. In aka kawo muku abu da ransa, dabba ne ko ƙaramin ma’aikaci, ku fara duba abin da yake nema da kansa kafin ku ɗauke masa daro. Ni na tsira ne don rufin banɗakina yana yoyo, kuma ba kowa ke samun wannan sa’ar ba.