Kuɗin Nuni

A duk layin nan ba wanda ya san sunansa na yanka. Mai Guga ake ce masa, ya kuma amsa har sunan ya bi shi gida. Shagon wanki da gugar da yake wa aiki yana ƙarƙashin wani tsohon bene ne, ɗaki mai taga ɗaya, tururi har rufi, ƙamshin sitati ya kama bango. In mutumin nan ya ɗora wa wando kari, wallahi sai ka ji tsoron shafawa kar ya yanke ka. Shi kansa ko riga ɗaya gare shi ba ya fita da ita a yamutse, yakan ce talauci daban, ƙazanta daban.

Baƙo ne a ƙasar. Ya tsallako iyaka tun yana saurayi, ya yi dako, ya yi gadi, ya wanke motoci, kafin ƙafarsa ta tsaya a gaban teburin guga. Daga baya ya je gida ya ɗauko matarsa. Manyan yaransu suna can wurin kakarsu, Auta ce kaɗai aka haifa a nan, 'yar siririya mai surutun tsiya da ciwon asma. Ɗakinsu ɗaya ne a saman benen, labule ya raba shi biyu.

Abin da ya riƙe wannan ɗakin da wannan teburin duka takarda ce guda, takardar zama, wadda ake sabuntawa bayan 'yan shekaru. Kuma akwai magana ɗaya da kowane baƙo ya haddace: kar ka kuskura ka taɓa tallafin gwamnati. In ka miƙa hannu ka karɓa, ranar sabuntawa za a ce ka zame wa ƙasa kaya. Wa ya faɗa? Oho. Shi dai a shagon aski ya ji, mai askin ma a bakin wani ya ji. Ba wanda ya taɓa zuwa ya tambaya, don baƙo ba ya kai kansa ofishin shige da fice haka kawai ba a kira shi ba.

Saboda haka Mai Guga ya guji tallafi iyakar gudu. Aka ce ana ba yara abinci kyauta a makaranta, ya ce Auta ta ƙoshi. Aka ce akwai katin asibiti na marasa ƙarfi, ya kau da kai. Maganin shaƙar yarinyar kuwa tsada gare shi, sai suka koyi ja masa rai: likita ya ce safe da yamma, su suna ba ta da safe kawai. Ba rashin so ba ne, Allah ya sani. Tsoro ne.

Sai aka fito da sabuwar doka. Duk mai son sabunta takarda sai ya nuna kuɗi masu kauri kwance a asusunsa na banki, watanni a jere. Kuɗin da suka yanka, ko Mai Guga zai goge rigunan garin nan kaf har da na matattu, ba zai tara su ba. Ka ji fa, wai talaka ya kawo shaidar cewa shi ba talaka ba ne!

A nan ne Ba-Komai ya shigo. Yana da ɗan shago a bakin titi inda yake sayar da katin waya, amma kowa ya san ba da kati ya gina gidaje ba. Bashi da ruwa yake bayarwa, kuma duk abin da ka ce masa, murmushi zai yi ya ce ba komai. Da dokar ta fito sai ya buɗe sabuwar sana'a, wadda baƙi suka sa wa suna kuɗin nuni: zai zuba maka kuɗi a asusunka su kwanta har ofis ya gani, kai kuma kana biyansa haya duk mako, in an gama ka mayar masa da abinsa.

"To in na makara da hayar fa, ranka ya daɗe?" in ji Mai Guga.

"Ba komai, sai ta hau kan ta gaba."

"Ruwan dai ya yi yawa."

"Ba komai, malam, akwai masu jira a waje."

Mai Guga ya sa hannu. Tun daga ranar rabin abin da yake samu a mako yake tafiya shagon kati. Nama ya bar tukunyarsu, shayi ya koma ba madara. Katin bankin kuwa aka saka shi a gwangwanin madarar da ta ƙare, aka ɗora can saman kwaba.

Maman Auta mace ce mai ban dariya ko a cikin wuya. In ta zuba masa abincin da ba mai ba kifi, sai ta ɗan rusuna ta ce, "Ga shi, attajirin layinmu. A ci da haƙuri, dukiya tana sama tana barci." Yakan yi dariya, amma idonsa sai ya kai kan gwangwanin. Kullum kafin ya fita sai ya ɗaga kai ya dube shi, in ya dawo ma haka.

Wa'adin ya kusa cika, saura kaɗan, sai ga wata safiya Maman Auta ta faɗo shagon ba ko takalmi, yarinyar a kafaɗarta.

"Baban Auta! Numfashinta! Na fesa mata, abin ya ƙare, iska kawai yake fitarwa!"

Ƙirjin yarinyar yana shiga yana fita, leɓenta ya sauya launi, surutun nan duk babu. Ya ajiye dutsen guga, ya haura sama da gudu ya sauko da gwangwanin, bai ma san ya ɗauko ba sai da suka shiga mota.

A asibiti nas ta karɓe ta, ta sa mata robar iska a hanci, sannan ta ce za a kwantar da ita, a je a buɗe kati. Ta nuna masa tagogi biyu a zauren. Ta dama ta masu biya ce. Ta hagu ta masu neman tallafi, ba ko sisi, suna kawai za ka bayar da lambar takardarka.

Ya tsaya a tsakiyar zauren, mutane suna bangaje shi suna wucewa. In ya je hagu, sunansa ya shiga inda ya yi shekaru yana gudu. In ya je dama, sai ya taɓa kuɗin nuni. Gumi ya jiƙa masa rigar da ya goge da asuba. Tsoro ya ji, irin wanda bai taɓa ji ba ko ranar da ya tsallako iyaka.

"Baban Auta, don girman Allah ka zaɓi ɗaya," in ji matar.

Sai dabara ta faɗo masa, kuma daga shago ta zo. A wurin aikinsu akwai durowar ciniki. In ma'aikaci ya matsu da rana yana iya zara daga ciki, mai shagon ba ya cewa uffan, muddin lokacin tashi kuɗi sun cika. Haka ya san duniya tana tafiya: abin da aka mayar kafin a rufe, ba a ɗauka ba. Ai banki ma durowa ce babba, in ji zuciyarsa. Ya nufi tagar dama ya miƙa katin.

Daga nan bai zauna ba. Da ya ga numfashin Auta ya fara daidaita, ya fita a guje sai shagon kati. Ya ce a ba shi daidai abin da ya cira, yanzu-yanzu. Ba-Komai ya dube shi daga sama har ƙasa, ya ga mutum a matse, sai ya faɗi ruwan da ya ninka na farko.

"Haba, ranka ya daɗe, yarinya ce a kwance."

"Allah ya ba ta lafiya. Ba komai, in bai yi maka ba ka bari."

Mutumin banza! Mai Guga ya haɗiye abin da ya taso masa, ya sake sa hannu. Ya isa banki ana shirin rufe ƙofa, ya roƙi mai gadi, ya zuba kuɗin, ya sa aka duba masa. Sun cika cif. Ya fito ya jingina da bango yana hamdala, har da 'yar dariya, wai ya tsallake rami biyu da tsalle ɗaya.

Ranar zuwa ofis ya goge wandonsa har sau biyu. Auta ta warware, ta nace sai ta bi su, aka bar ta da uwarta a kan benci a waje. A ciki wata jami'a ce mai tabarau, ba ta da faɗa, ba ta kuma da fara'a. Ta bi takardar bankin da bakin biro tana saukowa, sai biron ya tsaya.

"Malam, a nan kuɗin sun sauka."

"Eh, ranki ya daɗe, amma duba ƙasa kaɗan. Na mayar a ranar, kafin a tashi."

"Na gani. Doka ba ta ce a mayar ba, cewa ta yi kar su sauka, ko na awa ɗaya."

Ya yi bayani, ya fito da rasit na asibiti ya miƙa mata. Ta karɓa ta karanta, ta buɗe fayil ɗinsa, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta cire tabarau.

"Wannan yarinyar ai a nan aka haife ta. Me ya hana ka zuwa tagar tallafi?"

"An ce wanda ya karɓa..."

"Wannan in kai ka karɓa wa kanka ne. Nata haƙƙinta ne, 'yar ƙasa ce, ba a lissafa wa uba. Magani, abincin makaranta, duk nata ne tun ranar da aka haife ta. Ba wanda ya faɗa maka?"

Ta ce ta tausaya masa, kuma da alama da gaske take, amma hatimin da ta buga na ƙi ne. Ta faɗa masa wa'adin da aka ba shi da matarsa su tattara su bar ƙasar. Ta ƙara da cewa ita yarinyar tana da damar zama.

Da ya fito, Auta ce ta fara hango shi. Ta sheƙo a guje, numfashinta lafiya lau, ta rungume masa ƙafa tana yamutsa karin wandon. Bai hana ta ba.

Maman Auta ta dubi fuskarsa, ba ta tambayi takarda ba. Ya zauna kusa da ita a kan bencin.

"Gobe ki kai ta asibiti a ba ta maganin shaƙa, cikakke," ya ce. "Tagar hagu za ki je."

"Ta hagu? Ba kai ka ce..."

"Tata ce. Ashe tun da aka haife ta tata ce."

Matar ta jawo yarinyar jikinta, ta ɗora tafin hannu a ƙirjinta kamar yadda ta saba yi in tana sauraron numfashi. Da ta buɗe baki, a hankali ta yi maganar don kar Auta ta ji.

"Baban Auta, duk yammacin da na hana ta maganin nan tana roƙona, ashe a banza ne?"