Miyar Kukar da Ta Wanke Ni

Abubuwa da yawa sun same ni a shekarun da na yi aiki a wata masaƙa a Sharada, yawancinsu sun fara ɓace mini, amma wannan kam ba na jin zai bar raina har in koma ga Allah.

Zamanin mulkin soja ne, lokacin da ake iya ɗauke mutum a tsare ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Ban daɗe da gama jami'a da yin aure ba aka ɗauke ni a sashen duba ingancin yadi. Ni mutum ne mai ɗari-ɗari, ko gaisuwa sai na auna ta. Duk da haka ma'aikatan ɗakin saƙa suka ja ni cikin ciyayyarsu. Bayan Azahar kowa zai fito da kwanon da ya zo da shi daga gida, a jera a gindin dalbejiya, a ci na wannan a koma na wancan.

Mai ba mu dariya wani dattijo ne makaniki, mutumin Gumel, muna ce masa Baba. Wata rana ana hirar layin sayen kayan masarufi, sai ya ce, "Soja sun koya mana layi da bulala, mun iya. Saura su koya wa sabulun zuwa." Kowa ya tuntsire da dariya. Ni kuwa na sunkuyar da kai na ce, "Baba, a dai riƙa sassautawa."

Ba a daɗe ba wasu mutane cikin farar Fijo suka zo bakin ƙofar masaƙa suka tafi da shi. Maigadi ya ce sun maimaita wa Baba maganar sabulun nan yadda ya faɗe ta. Ke nan wani a cikinmu ne ya kai ta.

Hira ta mutu a gindin dalbejiya. Kowa na kallon ɗan'uwansa ta wutsiyar ido, sannu a hankali idanun suka taru a kaina: ɗan boko, wanda bai yi dariya ba. Na ajiye kwanona a layi, har aka tashi babu wanda ya sa hannu. Wataƙila da ni ne su, haka zan zata.

Wani abokin karatuna ya kwatanta mini ofishin da ake tsare da Baba, can wajen Nassarawa. Na daɗe ina shawara da zuciyata, sannan na ɗauki tuwon da aka ƙi ci na tafi. Na ce wa jami'in da na tarar, "Ranka ya daɗe, ba jayayya na zo yi ba. Ina so ne in ji ko da wane laifi ake tuhumarsa, ko za a kai shi kotu."

"Kai lauyansa ne?"

"A'a, tare muke cin tuwo."

Ya daɗe yana kallona. Bai bar ni na ga Baba ba, amma ya karɓi kwanon. Haka na riƙa komawa, kullum da tuwo, kullum da tambayar nan. Rannan wani masaƙi a kan keke ya gan ni ina fitowa daga can. Shi ke nan, zargi ya zama tabbas. Har gaisuwata aka daina amsawa. Na kasa yin bayani, don ban san kunnen da zai ɗauka ya kai ba, kuma wa zai yarda?

Bayan wasu makonni aka saki Baba, ba tuhuma, ba ban-haƙuri. Ban ce tambayata ce ta fito da shi ba. Allah ne masani. Ranar da ya dawo, ya rame, ya zauna a gindin dalbejiya ya duba kwanuka. Ya hango ni can gefe ni kaɗai.

"Ɗan boko, kawo kwanon nan."

Wani ya ce, "Baba, ba ka san abin da ake ciki ba."

Baba ya gutsuri tuwo ya dangwali miya, ya tauna a hankali. "Ita ce. A can ba sa faɗin wanda ya kawo abinci. Amma duk Kano gida nawa ne ake miyar kuka daddawa ta yi yawa, gishiri ya yi ƙaura? Ka gaida amarya, ka ce ta rayar da ni, amma ta ji tsoron Allah."

Sai dariya ta ɓarke. Masaƙin nan mai keke da ya gan ni shi ya fara sa hannu a kwanon, bai iya haɗa ido da ni ba. Wani ya ce, "To wa ya kai maganar?"

Baba ya ce, "Ban sani ba, kuma kada a nema. In yana nan, ya ci ya ƙoshi. So suke kowa ya ci nasa a ɓoye."

Har yau ban san ko wane ne ba, kuma har yau ina auna magana. Amma na koyi cewa hukumar da ke sa kunne a kwanon talakawa, kafin ta tsare mutum ɗaya ta riga ta raba goma. Kuma ko matsoraci irina yana iya tsayawa ya tambaya, da wane laifi? In muryarsa ta yi rawa, ba komai, a dai ji tambayar.