Isufu, abokin teburina a labo

Bana shekara goma sha takwas ke nan da rasuwar Isufu ɗan Garu. Jaririn da aka haifa ranar da muka kai shi makwancinsa yanzu ya isa shiga jami'a. Ni kuwa har yau in na ji warin ruwan jabel, wato bilicin wanki, sai in gan shi tsaye gefena cikin farar rigar da ta yi masa yawa, ya nannaɗe hannuwanta.

Ni ɗan 'yan kasuwa ne a Malanville, shi ɗan masunci. Da ya zo lakkwal gari, wato makarantar sakandare, gidanmu aka ba shi masauki, ɗaki ɗaya, akushi ɗaya. Tare muka ci bak, jarrabawar shiga jami'a, tare muka gangara kudu karatun injiniya, kanmu cike da mafarkin hanyoyi da gadoji. Sai ga shi a shekarar farko an ce dole kowa ya yi ilimin sinadarai, kuma ba a allo kaɗai ba, har a ɗakin gwaji, wanda muke kira labo. Bibbiyu ake aiki. Ba mu ko tsaya shawara ba, teburi ɗaya muka kama.

Ban ƙi komai kamar ranar labo ba. Na zo koyon gina gada, me ya haɗa ni da kwalabe? Akwai wani gwaji da ake ɗiga ruwan sinadari daga doguwar kwalba cikin wani ruwan, ɗigo bayan ɗigo, har ya juya launin hoda. Ɗigo ɗaya ya yi yawa, aiki ya ɓaci, a sake daga farko. Ni nakan buɗe famfon kwalbar da ƙarfi don in huta. Isufu sai ya kama hannuna.

"Ina za ka da sauri haka? Zahin nema ba ya kawo samu."

Shi yakan sunkuya, ya kafa wa kwalbar ido kamar yadda babansa ke kallon ruwa daga cikin kwale-kwale. In launin ya fara bayyana, murmushi yake yi tun kafin ya ɗago kai. A wurinsa na gane cewa mai son gina gada sai ya san abin da ke cin ƙarfe da abin da ke sa siminti kamawa. Bai yi mini wa'azi a kai ba. Ganin yadda yake jin daɗin abin ne ya ja ni.

Da muka zo hutu na bi shi Garu. Mahaifiyarsa, Inna Gambi, ta tambaye shi abin da ake koya masa a can. Ya ɗebo jiƙon soborodo ya raba ƙwarya biyu. Ɗaya ya matsa lemun tsami, ta ƙara ja wur. Ɗayar ya jefa kanwa, ta koma wani duhu mai kore-kore. Inna ta ce, "Kai ɗan nan, kada ka ƙare mani kanwa!" Amma ba ta bari aka zubar ba sai da ta leƙa ta danga ta kirawo maƙwabta, ta sa shi ya sake a gabansu.

Cikin zafin bazara muka dawo gida Sallah, a shekarar nan ta farko. Isufu ya kwana da ciwon kai, washegari wuya ya ƙi juyawa. Kafin a kawo shi asibitin gari bisa babur, tsakanin mutum biyu, ya daina gane mu. Sanƙarau ne. Bai daɗe ba.

Na koma makaranta ni kaɗai. Ranar labo na tsaya a teburinmu, kowa da abokinsa, ni hannuna biyu sun kasa ɗaga komai. Malamar da ke kula da mu, wata 'yar kudu mai tsanani wadda ba mu taɓa ganin haƙorinta ba, ta zo ta tambaye ni ina na biyuna. Na faɗa mata. Sai ta ajiye allinta, ta zagayo ta tsaya inda yake tsayawa, ta riƙe mini kwalbar har na gama. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ranar ta san haka ba tare da an gaya mata ba.

Yanzu aikina magudanan ruwan gonakin shinkafa ne, nan bakin kogi. Sau da yawa nakan tambayi kaina me Isufu zai ce da ya ga yau. Ɗaliban yanzu a waya suke kallon gwajin kafin su shiga labo, na san zai yi dariya ya ce ido ba ya koya wa hannu. Zai yi murna da injinan hasken rana da ke ban ruwan albasa a Garu. Abin da zai hana shi zama shi ne yadda samari ke zuba maganin feshi da murfin kwalba, ba awo, ba safar hannu, su wanke gorar a ruwan da ake kamun kifi. Ni nakan yi magana in wuce. Shi da ya zauna a kunyar gona, ya nuna musu, har sai sun gane.

Bai bar ɗa ba, bai bar gini ba, takardar shaidar ma bai karɓa ba. In aka auna da ma'aunin duniya, kaɗan ne abin da ya rage. Amma duk ramin da na ƙi rufewa sai na sake dubawa, da hannunsa a ciki. Hausawa sun ce sabo ake yi wa kuka. Gaskiya ne, sai dai ba su faɗi yaushe kukan ke ƙarewa ba.

Kwanan baya na je gaida Inna Gambi. Idonta ya yi rauni, sai da na matso sosai. Ta kai hannu ta shafa gemuna, ta daɗe.

"An ce ka yi hurhura," ta ce.

Na ce ta fara, Inna.

"Tsaya hakanan, kada ka motsa. Bari in ga yadda ɗana za shi zama da yana raye."

Na tsaya. Allah ya sanyaya kabarinka, Isufu, ya haɗa fuskokinmu a gidan da ba a rabuwa.